Katin da Mai Tafiya Ke Riƙewa

Mahaifiyata, wadda muke ce wa Inna, ta yi shekaru masu yawa tana ƙunsa lalle a yatsa ɗaya tak, babban yatsanta na hannun dama. Sauran yatsun ba ruwansu da lalle, ko da sallah ko da biki. Baƙuwa in ta gani sai ta ce, "Sannu Inna, ciwon yatsa ne?" Ita kuma ta ce, "Da sauƙi," ta tura hannun cikin zane. Mu 'yan gida mun san ba ciwo ba ne. Kati take jira.

Babanmu fataucin bandar kifi ya yi. Yakan bi masunta cikin fadama, tun daga Gashuwa har wajen Dagona, ya saye wanda aka ƙyafe, ya ɗaure a kwanduna, ya kai Nguru a loda a jirgin ƙasa zuwa Kano. Lokacin da yake neman Inna, a wani kanti kusa da tashar jirgin ya ga katunan gaisuwa. A zamanin nan samarin da suka ga gari, ma'aikatan reluwe da malaman makaranta da 'ya'yan 'yan kasuwa, su ke aika wa 'yan mata da kati. Baba bai yi boko ba, Inna ma haka. Hoto ya bi ya zaɓa.

Na san katin nan kamar tafin hannuna. Takarda ce mai kauri, an huhhuda gefenta kamar leshi. A fuskarta hannaye biyu ne riƙe da juna, na mace da na namiji, daga wuyan hannu suka tsaya, ba jiki ba fuska, a kan wani jan fure. In ka buɗe, gefe ɗaya rubutun Turanci ne da ruwan zinare, ɗaya gefen fari fat. Ina ƙarama hannayen nan tsoro suke ba ni. Na taɓa tambayar ta, "Inna, ina masu hannun?" Ta ce, "Suna hanya."

Ranar da ƙanwar Baba ta kai mata katin, Inna tana cikin ƙunshin bikin wata ƙawarta. Ba a taɓa kawo irin wannan abu gidansu ba, ba wanda ya san yadda ake yi da shi. Kakarmu ta juya shi gaba da baya, ta ce abu mai kyau haka ai ba na bari ba ne, kamar kwanon da aka aiko da abinci ne, a gani a gode a mayar. Kuma kwano ba a mayar da shi haka nan. Suka rasa abin da za su sa a ciki, don goro ba zai zauna ba. Sai Inna ta kwance babban yatsanta, ta dangwala ɗanyen lalle a farin gefen, aka mayar.

A Nguru kuwa, in yarinya ta mayar maka da kati, ta ƙi ka ke nan. Baba ya ce da ya nuna wa abokansa na tasha, dariya suka yi masa har da riƙe ciki, suna cewa, "Mai kifi, ƙarni ya kore ta." Sai da ya koma masauki ya buɗe ya ga yatsan.

Daga nan abin ya zame musu doka. Bayan aure katin ya samu wurin zama a jeren Inna, bayan manyan kwanuka. Duk ranar da Baba zai yi tafiya mai nisa, Inna ta kwaɓa lalle, ta dangwala, ta shanya ya bushe, ta ba shi. Ya sa a jakar fata ƙarƙashin riga. In ya dawo, kafin ya sha ruwa sai ya miƙa mata. Mai tafiya ke riƙewa, in ya dawo ya mayar. Mu yara ba ma tambaya ko Baba yana gari, leƙa bayan kwanuka muke yi. A hankali farin gefen ya cika, yatsu suka tsallaka suka hau rubutun zinaren, ciki ya zama kamar bayan zabuwa. Kusurwa ɗaya ce ta rage daga ƙasa.

Na fara tasawa lokacin tafiyarsa ta ƙarshe. Damina ce, kogi ya cika ya batse. Lallen Inna ya ƙare, ta ce ya dakata ta karɓo a maƙwabta. Ya ce masu kwalekwale suna jiran sa.

"Bar shi," in ji shi. "Ba daɗewa zan yi ba. In na dawo kya sa biyu."

Ta miƙa masa haka nan. Da rana hadari ya taso da iska. An samu kwalekwalen a kife cikin ciyawar kacala, an samu hularsa, an samu gawarwakin mutanen da suke tare. Shi ba a same shi ba. Aka yi nema har aka gaji, aka yi addu'a, aka yi sadaka. Da malamai suka ce ta yi takaba, ta yi, ba ta musa ba. Ranar da ta fita takaba ta ƙunsa yatsan nan, kuma tun daga ranar ba a rasa kwaɓaɓɓen lalle a wani ɗan ƙoƙo a ɗakinta. Ba ta taɓa cewa Baba yana raye ba, kada in ɗora mata abin da ba ta faɗa ba. Abin da take cewa kawai, katin bai dawo ba, kuma ya tafi ba hannunta.

Aure ya kawo ni Nguru. Ƙanena ya zauna a Kano da iyalinsa. Inna ta rage ita kaɗai a gidanmu na ƙasa da ke unguwar bakin kogi, ita da awakinta. Kowace damina ruwa sai ya ɗan ƙara matsowa, kowace damina sai mun yi magana ɗaya.

"Inna, ki dawo wurinmu. Ga ɗaki nan a share."

"In aka kawo, wa za a tarar?"

"Wa zai kawo, Inna?"

"Wanda ya ɗauka."

Ni ce 'yar fari, saboda haka ba ta kiran sunana. "Ke" take ce mini, ko "waccan". In ta ce "ke" da wata irin murya, na san magana ta ƙare.

Babbar 'yata da ta samu jami'a a Gashuwa ita ke leƙa ta. Tsakaninsu sai tsokana, irin ta jika da kaka.

"Tsohuwa, ashe ke kika kawo soyayyar zamani garin nan, kika zauna kamar ba ke ba."

"Tafi can. Ku da kuke aika wa juna zuciya a waya kamar 'ya'yan mahauta. Mu a zamaninmu zuciya a miya ake sa ta."

"To ba ni labarin mai kifin."

"Mai kifin ya fi wannan siririn da ke rako ki, mai wuya kamar na zalɓe."

Shekarar da ruwa ya yi yawa, yarinyar nan ta kira ni a waya, ba dariya a muryarta. Ta ce, "Umma, bangon baya na ɗakin Inna ya tsage, hannuna yana shiga. Maƙwabta sun fara kwashe kaya. Na yi na yi, ta ce in bar mata gida in ba zan yi shiru ba."

Da safe na shiga kasuwa neman tamfol da igiya, ko a rufa wa bangon ya rage shan ruwa. Aka nuna mini wani tsohon kanti a bayan tasha, na wani dattijo da iyayensa suka zo daga Kano tun jirgi yana jirgi. Kantin duhu-duhu, ƙamshin tsohon sabulu da kananzir. Garin jawo tamfol daga saman kanta sai ya ture wani kwali, ya fashe, katuna suka watse a ƙasa.

"Af," in ji shi. "Ga 'yan fansho sun fito shan iska."

Na durƙusa ina taya shi tsincewa. Kowanne ya ɗauka sai ya ba ni tarihinsa, kamar mai nuna jikoki. Ya ce na farko-farko, masu gefen leshi, zamanin mahaifinsa ne, ta jirgin ruwa suke zuwa Ikko, jirgin ƙasa ya kawo su Kano, daga can su iso nan tare da atamfa da fitilu. Ba kowa ke iya saye ba. Bayansu aka yi masu furanni da ƙyalƙyali, wanda in ka taɓa sai ya bi ka har cikin tuwo. Sai masu fuskar matan Indiya, waɗanda iyaye suka riƙa ƙonawa in sun gani. Ya ce samari kan yayyafa musu turare kafin su aika, wasu su barbaɗa hoda, yarinya ta buɗe ta yi atishawa. Can daga baya aka kawo masu kiɗa, in ka buɗe su yi ta ƙyanƙyan har batir ya mutu. Na ce masa irin wannan maigidana ya ba ni, ƙannena suka kashe shi a yini guda.

"To kin gani. Sai waya ta zo ta yi musu jana'iza gaba ɗaya. Yanzu ko mai ƙosai ba ta karɓa, ta ce sun yi kauri, ba sa naɗuwa."

Yana cikin magana na ɗaga wani, na ga abin da ke ƙarƙashinsa. Hannaye biyu a kan jan fure.

Ban san na zauna a ƙasa ba sai da ya ce, "Hajiya, lafiya?" Na ce masa mahaifina ya taɓa sayen irinsa. Ya karɓa ya kai kusa da ido. Ya ce irin wannan bai yi kasuwa ba ko a zamaninsa, mutane suna cewa hannu ba mai shi ba abin aika wa masoyi ba ne. Bai tuna Baba ba, ya ce masu kifi da yawa sun wuce ta nan.

Na fita da katin bakin ƙofa, cikin rana, na buɗe. Wannan maganar nake so a riƙe a rai. Na duba shi da kyau, gaba da baya. Ya ɗan yi ruwan ƙasa don tsufa, amma cikinsa fari ne, ba ɗigo ko ɗaya. Na tambayi kuɗinsa, dattijon ya ce, "Ɗauki abinki, kin rage wa gara abinci."

Maigidana da ya gani ya ce, "Kada ki je ki fama mata tsohon miki." Na ce ba zan ce mata shi ne ba, ina dai so ta riƙe wani abu a hannu, ko zuciyarta ta yi sanyi ta biyo ni. Ya ce Allah ya sa.

Hanyar Gashuwa ruwa ya cinye ta a wurare. Mota ta sauke mu, muka shiga kwalekwale, muka sake hawa wata. Gonakin shinkafa duk sun nutse, sai kan bishiyoyi da fararen tsuntsaye. Na tarar da unguwarmu rabi ta watse. Inna tana zaune a kan gadonta na ƙarfe, ta ɗora murhu a kan tubali, tana dafa ruwan zafi kamar ba abin da ke faruwa.

Bayan mun gaisa na ciro shi. Na ce, "Inna, na ga irin katinku a wani kanti, na karɓo miki. Ba naku ba ne, irinsa ne."

Ta goge hannu a zane, ta karɓa. Ta daɗe tana kallon hannayen. Ta buɗe, ta kai hanci ta shinshina, ta rufe.

"Ƙanensa ne," in ji ta. "Wannan bai taɓa zuwa ko'ina ba."

Ta miƙo mini. Na rasa inda zan ajiye shi, ko'ina a jiƙe, jakata ma ta sha ruwa a hanya. Sai na tura shi bayan manyan kwanukan jere, inda wancan yake zama. Ta ga lokacin da na sa. Ta juya ta ci gaba da hura murhunta.

Aka ɗaura tamfol, bai hana komai ba. Ruwan sama ya yi ta zuba, na kogi kuma yana tasowa ta ƙasa. Tsakar gida ta zama tafki, ya kai idon sawu, ya wuce. Na sa aka kai awakin tudu wurin wata ƙawarta. 'Yata na kore ta ta koma makaranta. Mai unguwa da kansa ya zo, ya naɗe wando, ya tsaya a ƙofar ɗaki.

"Inna, don girman Allah ki fito. Ginin nan ba zai kai ba. In ya faɗo miki me zan ce wa 'ya'yanki?"

"Ka ce musu na gode. Allah ya yi maka albarka, ka gaida mutan gidan."

Ya dube ni, na sunkuyar da kai. Ƙanena yana ta kira daga Kano yana cewa a ɗauke ta da ƙarfi. Na ce masa ya zo ya ɗauka. Wa zai ciccibi uwarsa tana cewa a'a? Maigidana ya ce in dawo, yara suna tambaya. Na ce ba zan iya barin ta ba. Na shimfiɗa tabarmata a kan wani benci, muka zauna mu biyu, muna jin ƙasa tana zubowa daga bango kaɗan-kaɗan, tana faɗawa cikin ruwa.

Ranar da abin ya faru, ruwan sama ya ɗauke tun hantsi. Rana ta fito fara sol, irin wadda ba ta da zafi sai haske. Wajen tsakar rana ne, lokacin da tsofaffi ke hana yara zuwa bakin kogi. Inna tana kan gado tana tsintar shinkafa a faranti. Ni ina zaune a bakin ƙofa, na miƙe ƙafafu a kan dokin ƙofar.

Abin da na fara lura da shi shiru ne. Kwaɗin da suka hana mu sakat duk suka yi tsit. Sai kuma ƙamshi, ƙamshin banda, irin wadda aka sauke daga wuta yanzu-yanzu, mai hayaƙi da maiƙo. Ba mai ƙyafe kifi a unguwar nan a lokacin, itacen kowa ya jiƙe, mutanen ma sun tafi. Rabona da jin wannan ƙamshin a ɗakin tun rigunan Baba suna rataye a bayan ƙofa.

Hannun Inna ya tsaya a cikin shinkafa.

"Ke," ta ce, a hankali. "Janye ƙafarki daga hanya."

Na janye.

Ruwan tsakar gida ya motsa. Daga zaure ya taso, layi guda, ya nufo ƙofar ɗakin, yana rabewa biyu kamar yadda yake yi in mutum yana tafiya a ciki. Lokacin ambaliya tarwaɗa tana shiga gidaje, ni da kaina na kama ɗaya a madafa a wannan makon. Tana iya yiwuwa tarwaɗa ce. Ban dai ga jikinta ba. Motsin ya zo dokin ƙofa, ruwan ya ɗan haura ya sauka. Gefen jikina na dama ya yi sanyi.

Can sai murfin wani kwano a jere ya yi ƙara, ƙwal, sau ɗaya. Bangon da jeren ya jingina da shi yana motsi dama, wannan ma na sani.

Muka zauna. Ban san iya lokacin ba. Ina karanta duk abin da ya zo bakina. Sai kwaɗo ɗaya ya yi kuka, sauran suka amsa.

"Miƙo mini," in ji Inna.

Ban tambaye ta me ba. Na shiga ruwan, na zura hannu bayan kwanuka. Katin ya yi sanyi, ya yi nauyi, kamar ya sha ruwa, alhali wurin a bushe yake. Na buɗe tun kafin in kai mata, ban iya daurewa ba.

Cikinsa ya cika. Tabo ne ja-ja masu duhu, kalar tsohon lalle, wani kan wani, sun cinye farin gefen sun hau rubutun zinaren. Kusurwar ƙasa ce kawai ba komai.

Ta karɓa. Na zaci za ta yi kuka ko salati. Ta dai dube shi, ta ɗan girgiza kai kamar yadda take yi in Baba ya dawo da laka a wando.

"Ka daɗe," ta ce. Ba da ni take ba.

Ta jawo ƙoƙon lallenta daga ƙarƙashin matashi, ta tsoma yatsan, ta dangwala a kusurwar. Ta sake tsomawa, ta ɗora na biyu a kan na farko, don wurin ba zai ɗauki biyu a jere ba. Ta miƙa hannu ta taga ta riƙe shi a rana har ya bushe. Ina tsaye cikin ruwa ina jiran ta ba ni in mayar bayan kwanuka. Sai na ga ta kwance lalitar da take ɗaurawa a ƙugu, ta lanƙwasa katin a hankali, ta tura ciki, ta ɗaure.

"Ke, je ki nemo mai amalanke. A fara da gadon."

"Inna?"

"Mai tafiya ke riƙewa. Ai kin san dokar."

Abin da na shekara nawa ina roƙo ke nan. Na fita da gudu ina ta hamdala, amma har na kai bakin titi tsikar jikina ba ta kwanta ba.

Kafin la'asar mun kwashe abin da za a iya kwashewa. Kwanukan jere ta ce a rabar wa maƙwabta in sun dawo. Ba ta waiwayi gidan ba. A cikin kwalekwale ta zauna ta dafe ƙugu, tana kallon ruwa, har da nuna mini inda suke wanki suna 'yan mata. Ba mu daɗe da isa Nguru ba mai unguwa ya kira ya ce ɗakin ya zauna, bangon baya ne ya fara faɗawa, daidai inda gadon yake.

Na ba maigidana labari. Ya ce tsohuwar takarda in ta ji danshi haka take yi, ta fitar da tabo kamar tsatsa, kuma in bar maganar a nan kada mutane su ce wani abu. 'Yata ma haka ta ce, har ta nuna mini hotuna a waya, na tsofaffin katunan da masu tara irin waɗannan kaya suke ajiyewa a ƙasashen waje, duk da ɗigo-ɗigo ja. Na gani, sun yi kama. Ban yi musu ba. Sai dai waɗanda na gani a ɗakin Inna kamar da zane-zane a cikinsu, irin na fatar yatsa. Kallo ɗaya na yi musu, ba zan rantse ba. Inna kuma ba ta sake fito da shi ba, ni ma ban ce ta nuna mini ba.

Ta ji daɗin zaman Nguru, fiye da yadda muka zata. Ta yi ƙiba kaɗan. Tana zama a inuwar darbejiya tana gyara mini tattasai, yara suna kewaye da ita, tana koya musu waƙoƙin yarenmu na Badanci da ni ma na manta. In jirgi ya tuna da mu ya yi kuka daga tasha, sai ta ce, "Wannan tsohon ma yana nan?" Ƙoƙon lallen kuwa a Gashuwa ta bar shi. Ba ta sake ƙunsawa ba.

Lallen fatar yatsan ya goge da wuri. Na farcen ne ya daɗe, don shi ba ya gogewa, sai dai farce ya yi ta tsiro yana tura shi gaba. Ni ke yanke mata farce ranar Juma'a da safe, saboda idonta ya yi rauni. Kowace Juma'a jan yana raguwa, fari yana biyo shi daga ƙasa. Ta kan ɗaga yatsan ta duba ta ce, "Saura kaɗan." Tun ina ɗaukar maganar ta farce ce har na daina.

Aka yi girbi, aka shiga rani. Wata Juma'a na kama hannun na ga abin da ya rage siriri ne a baki, kamar jinjirin wata. Na yanke na sauran yatsun, na zo kansa na tsaya. Na ce rezar ta dakushe, a bari sai wani makon.

Ta yi dariya. "Ko kin bari, shi ba zai bari ba. Yanke."

Na yanke. Ya faɗa a kan zanena. Ta dafa kaina, ta kira sunana. Sunana na yanka, wanda tun da ta haife ni ban taɓa jin sa a bakinta ba. Ta ce, "Allah ya yi miki albarka, kin yi haƙuri da ni." Na tashi na shiga madafa kamar na bar wani abu a wuta.

Ba ta ga wata Juma'ar ba. Zazzaɓi ne ɗan kaɗan, irin wanda ba a ko kai mutum asibiti dominsa. Ta rasu da rana, bayan ta yi azahar a zaune, da kalmar shahada a bakinta. Allah ya jiƙanta, ya jiƙan Baba, ya haɗa su a inda ba a rabuwa.

Da za a yi mata wanka, ni na kwance lalitar daga ƙugunta. Ɗaurin nata ne, irin ƙullin da ita kaɗai ke yi. Na buɗe. Ɓarin goro, allura a cikin tsumma, ɗan ƙullin turaren wuta. Ba kati.

Bayan an share makoki na duba akwatinta, na zazzage matashi, na ɗaga katifa. Na tambayi 'yata ko ta ba ta, ta ce a'a. Yara suka ce ba su taɓa ganin sa ba. Ƙanena ya ce wataƙila ta jefa shi a ruwa tun a kwalekwale. Wataƙila. Ni dai ina kusa da ita, hannunta yana kan ƙugu har muka sauka. Na gaya wa wani malami da muke girmamawa, ya saurare ni har ƙarshe, ya ce, "Ki yi musu addu'a, sauran ki bar wa Mai shi." Shi nake yi.

Nawa katin, mai kiɗan da ya mutu, yana nan a kabet ɗina, a gaba inda kowa ke gani. Bayan kwanuka kuwa ba na ajiye komai, kuma in damina ta yi nisa, rana ta fito fara bayan ruwa, ba na zura hannu a wurin. Yara nake sawa su ɗauko mini abin da nake so.

Bana aka yi bikin 'yar tawa, da siririn nan mai wuyan zalɓe. Mai lalle ta zo ta yi wa kowa. Da ta kama hannuna na dama sai na lanƙwashe babban yatsan cikin tafi.

Ta ce, "Hajiya, ciwo ne?"

Na ce, "Da sauƙi."